Naman kaza mai jinsi 23,328

Idan damina ta kankama, duk wanda ya duba ruɓaɓɓen icce da kyau zai iya cin karo da wani ɗan ƙaramin naman kaza fari-fari mai siffar mafici, manne da ɓawo. Ƙarƙashinsa layi-layi ne, kowane layi a tsage gida biyu. In iska ta bushe sai ya nannaɗe ya rufe, in ruwa ya sauka sai ya buɗe. Masana na kiransa Schizophyllum commune, kuma ana samunsa a kowace nahiya in ban da Antatika. Abin da ya sa ya yi suna shi ne yawan jinsinsa, wanda aka ƙiyasta ya kai 23,328.

Laimar da ido ke gani 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin yana cikin iccen, saƙar wasu zaruruwa ce sirara. Laima tana watsa ƙurar iri, kowace ƙwaya ta tsiro da zare gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da cibiya guda mai riƙe da ƙwayoyin gado. Wannan zaren yakan yi ta yaɗo, amma a bisa al'ada ba ya fitar da laima sai ya gamu da abokin da ya dace da shi. Mathilde Bensaude, 'yar ƙasar Fotugal, ta nuna haka a jikin wani naman kaza na daban, a binciken da ta kammala a Faris a 1918. Jim kaɗan bayanta Hans Kniep na Jamus ya gano cewa wurare biyu ne a cikin gadon ke yanke hukunci, waɗanda ake kira A da B.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Babu namiji, babu mace. Sharaɗin kawai shi ne zaruruwan biyu su bambanta a A, su kuma bambanta a B. Ya yi kama da gwajin jini kafin aure, inda ake gudun haɗuwar masu iri ɗaya. Wurin B yana samar da sinadarin kira da kuma abin karɓarsa, shi ke buɗe wa baƙuwar cibiya hanya ta ratsa zaren gaɓa bayan gaɓa. Wurin A kuma yana samar da furotin iri biyu waɗanda ba sa aiki sai na wannan ya haɗu da na wancan, su ne ke sa cibiyoyin biyu su jera su riƙa rabuwa tare.

A ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu ana ganin shaidar dacewa ƙarara. A bakin kowace gaɓa wata 'yar ƙugiya ke fitowa, ta lanƙwaso baya ta manne, cibiya ɗaya ta bi ta cikinta, ta yadda kowace sabuwar gaɓa za ta samu cibiya biyu. In an bambanta a A kaɗai, ƙugiyar za ta fito amma ba za ta manne ba. In a B kaɗai ne, zaren zai tashi a tsumbure, ya kwanta sako-sako a kan farantin gwaji.

John Raper na Jami'ar Harvard, wanda ya wallafa littafi kan wannan fanni a 1966, ya tattaro samfura daga sassan duniya ya yi ta haɗa su. Lissafin da aka samu daga irin wannan aiki ya nuna A na da nau'i 288, B na da 81. A ninka su, 23,328 ke nan.

Hikimar tana nan. Tsakanin ƙwayoyin da suka fito daga laima ɗaya, haɗi ɗaya cikin huɗu ne ke dacewa. Amma in zare ya gamu da bare, da wuya ƙwarai a samu rashin dacewa. Halittar da ba ta da ƙafar zuwa neman aboki, sai wanda iska ta kawo mata, ta samu hanyar rage haɗuwa da 'yan'uwa tare da karɓar kusan kowane baƙo.

Manomi ma abin ya shafe shi. Farin naman kazar da ake sayarwa a manyan kantuna, Agaricus bisporus, ya kauce wa wannan tsari: yawancin ƙwayoyin irinsa na fitowa da cibiya biyu, don haka ba sa neman kowa. Wannan ya sa haɗa shi aure da wani iri ya zama jan aiki. Sai a farkon shekarun 1980 Gerda Fritsche ta fitar da haɗaɗɗen iri a Holan, kuma akasarin farin da ake nomawa yau jikokinsa ne. Gonakinsa a duniya sun dogara ke nan ga dangi guda, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka.

Wata mafita daga daji ta fito. A farkon shekarun 1990 aka gano wani nau'insa a hamadar Kalifoniya mai fitar da ƙwayoyi masu cibiya ɗaya, abin da ya sauƙaƙa wa masu inganta iri aiki. Shi ya sa tattara naman kazar daji da adana irinsa ya cancanci kuɗi da kulawar jami'o'i, tun kafin sare dazuzzuka ya tafi da abin da ba a kai ga sani ba.