Dodo a Bakin Ƙofa: Ra'ayin 'Yan Kallo a kan Wasan Doctor Who da Zamansa a Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba raba shi gida uku, wato waƙa da zube da wasan kwaikwayo. A kowane gida kuwa hankalinmu yakan tafi ne ga mawallafi da abin da ya wallafa, mu tono jigo da salo da zubi da tsari, amma ba kasafai mukan waiwayi wanda aka yi abin dominsa ba, wato mai sauraro ko ɗan kallo. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta nuna wa malamai da 'yan'uwa ɗalibai cewa ra'ayin ɗan kallo yana da nauyi, har wani lokaci ma shi ke tsakanin wasa da ɓacewa. Misalin da za a ɗauka baƙo ne, wani wasan talabijin na Ingila mai suna Doctor Who, amma baƙo ne da ya sauka a Kaduna, ya kuma yi shekara kusan 40 a kwance a wani ɗaki a Jos.

Wasan da yadda ya iso Arewa

Doctor Who ƙagaggen labarin kimiyya ne, wato irin labarin da ake ɗora abin al'ajabinsa a kan na'ura da binciken masana, maimakon tsafi da aljanu kamar yadda muka saba ji a tatsuniya. Gidan talabijin na BBC ya fara nuna shi ran 23 ga Nuwamba, 1963. Tauraron wasan wani baƙo ne daga wata duniya, ana ce da shi Dokta, yana yawo tare da abokan tafiya 'yan Adam a cikin wani abin hawa mai ratsa sararin samaniya, mai kuma ratsa zamani, ya kai su jiya ko ya kai su gobe. Daga waje abin hawan nan kamar 'yar rumfar wayar 'yan sanda yake, irin wadda ake gani a titunan Landan a wancan lokaci, amma da an shiga sai a tarar cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Da rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dokta, sai marubuta suka ƙago dabara a 1966, suka ce ai shi Dokta yana iya sake jiki, Patrick Troughton ya gaje shi. Wannan dabara ce ta ba wasan tsawon rai. An dakatar da shi a 1989, aka dawo da shi a 2005.

A nan gida, Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma yana cikin gidajen da suka sayi wasan tun tsakiyar shekarun 1960. A wancan zamani akan kwafe wasa ne a kan fim mai faɗin milimita 16, a zuba a gwangwani a aika. Idan wannan tasha ta gama nunawa, sai ta miƙa wa ta gaba, ko ta mayar, ko ta lalata shi. Bayan da aka buɗe gidan talabijin na Jihar Binuwai da Filato a Jos a 1974, shi ma ya karɓi wasu labaran na zamanin Troughton.

Ina tsoro yake zaune?

Daga cikin muhawarar da masoya wasan suka daɗe suna yi akwai wannan: shin labarin da aka kai can wata duniya ya fi daɗi, ko kuwa wanda aka kawo dodo cikin gari? Jon Pertwee, wanda ya fito a matsayin Dokta daga 1970 zuwa 1974, ya goyi bayan ra'ayi na biyu, yana ganin mutum ya dawo gida ya tarar da dodo a zaune a makewayinsa ya fi ban tsoro a kan ya gamu da shi a bayan taurari. Labarin da akan kafa hujja da shi shi ne The Web of Fear na 1968, wato Yanar Tsoro, inda waɗansu dodanni masu gashi, waɗanda a haƙiƙa mutum-mutumi ne masu inji, suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan, hanyar da ma'aikata ke bi kullum safiya zuwa ofis. Manyan Ingila da yawa suna ba da labarin yadda suke laɓewa bayan kujera suna leƙen akwatin talabijin lokacin suna yara.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Duk wanda ya zauna gaban kaka da dare ya san Dodo ba ya nisa da gida. A bakin rafi yake tare 'yan mata masu ɗiban ruwa, ko a hanyar itace, ko ya rikiɗe ya zo neman aure da kyakkyawar riga. Macijin Daura ma a cikin rijiyar Kusugu ya tare, inda kowa ke bukatar zuwa. Abin tsoro yakan yi ƙarfi ne idan ya tsaya a kan hanyar da ba makawa sai an bi ta.

Sai dai a nan akwai wani abin lura wanda masoyan Ingila ba su cika tunawa da shi ba. Abin da yake na yau da kullum a wurinsu baƙo ne a wurin yaron da ke kallo a Unguwar Shanu ko Tudun Wada. Rumfar wayar 'yan sanda da jirgin da ke tafiya a cikin rami ba su fi duniyar taurari kusa da shi ba, ga kuma Turancin da ake yi da sauri. Ke nan rabin dabarar wasan, wato haɗa sananne da baƙo, ya zube a hanya kafin ya iso gare shi. Don haka da Hausawa suka tashi yin maganar sararin samaniya da bakinsu, sai suka koma ga kayan gidansu. Abin da ya kai Amurkawa wata a watan Yuli na 1969 an kira shi kumbo, alhali kumbo mazubi ne na cin abinci, kuma da wannan suna Alhaji Mamman Shata ya yi masa waƙa. Jirgi kansa na ruwa ne tun asali kafin a ɗora shi a kan dogo, a kuma ɗaga shi sama. A wannan shekara ta 1969 ne kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya tafi yawo da shi. A ganina Dembo ya gane abin da Pertwee yake nufi, ya kuma yi aiki da shi ta hanyar da ta dace da mu: ya fara kafa ƙafar mai karatu a ƙasar da ya sani, sa'an nan ya ɗaga shi.

Abin da mai shi ya zubar

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978, BBC ta riƙa goge faifayen bidiyo na tsofaffin shirye-shiryenta don a sake ɗaukar wasu a kansu, ta kuma lalata kwafen fim masu yawa. Dalilanta ba na wauta ba ne a idon lokacin. Faifai yana da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, ga shi kuma talabijin mai launi ya shigo har ana ganin baƙi-da-fari ya gama yayi. Kashi-kashi masu yawa na Doctor Who suka tafi ta haka.

Waɗanda suka ƙi yarda su ne 'yan kallo. Tun a shekarun 1960 akwai samari da ke kafa rikoda kusa da akwatin talabijin suna ɗaukar sautin wasan don su sake saurare, kuma albarkacinsu ne a yau babu kashi ko ɗaya da sautinsa ya ɓace, har BBC da kanta ta dawo tana ɗora zanen hoto mai motsi a kan abin da suka ɗauka. Wasu kuma suka bi sawun gwangwanayen da aka aika ƙasashen waje, suna rubuta wasiƙu tasha tasha. A 1985 an mayar da wasu kashi-kashi daga Nijeriya. Babbar tsintuwa kuwa ita ce wadda aka sanar a watan Oktoba na 2013, bayan da wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwani 11 a kan kanta a wata tashar talabijin a Jos. Guda 9 daga ciki an riga an fid da rai da su. Adadin abin da ya ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97 a wannan rana. Yanar Tsoro na cikin abin da aka samu, ban da kashi na uku, tare da wani labari cikakke mai kashi 6, The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya.

Hukunci da guntu

Labarin nan na biyu ya cancanci mu daɗe a kansa, domin darasi ne ga duk mai nazari. Shekara da shekaru kashi na uku kaɗai ake da hotonsa, kuma shi ne mafi sanyi a cikinsu: yawancinsa a madafa ake, wani kuku mai yawan ƙorafi yana ta mita, ga wani fursuna ana gadinsa a baranda. Da wannan guntu masoya da yawa suka yanke wa labarin duka hukunci, suka ce lami ne, ba dodo ba tashin hankali. Da sauran biyar suka fito daga Jos, sai baki ya juya. A ƙuri'ar jin ra'ayin masu karatu da mujallar wasan ta yi a 2009 yana can ƙasa da tsakiya. A ta 2014 ya haura sama ƙwarai. Mu da muke yawan samun baiti uku na tsohuwar waƙa a bakin wani dattijo, mu rubuta shafi goma a kan salon mawaƙin, ya kamata wannan ya sa mu rage gaggawa.

Ga abin da labarin ya ƙunsa. An nuna shi daga Disamba 1967 zuwa Janairu 1968, aka ce abin yana faruwa ne a shekarar 2018. Wani mutum mai suna Salamander, wanda kamanninsa ɗaya da Dokta domin Troughton ne ya fito a duka biyun, ya yi suna a matsayin mai ciyar da duniya, saboda wata na'urarsa mai tara hasken rana don amfanin gona. Yakan kuma faɗi inda girgizar ƙasa ko aman wutar dutse za su auku, abin kuwa ya auku. Ashe shi ne ke haddasa su. Ya tara wasu mutane a wani gida a ƙarƙashin ƙasa shekara biyar, ya gaya musu an yi yaƙin ƙare-dangi, guba ta cika sarari, duk wanda ya fita zai mutu. Shi kaɗai ke hawa ya sauko da abinci da labari, su kuwa suna sarrafa masa na'urorin bala'i da zaton abokan gaba suke yaƙa. Abin da ya tona masa asiri ɗan ƙarami ne: guntun jarida da ya maƙale a jikin akwatin abinci, mai ɗauke da labarin nutsewar wani jirgin ruwa na 'yan yawon shaƙatawa. Wanda ya tsince shi ya ce a ransa, in har akwai masu yawon shaƙatawa, to ba a tashi duniya ba. Kamar dai a ce takardar da aka ƙunshe ƙosai da ita ce ta rushe mulkin azzalumi.

A nan, saɓanin rumfar 'yan sanda, babu abin da ya zube a hanya. Mutumin Kutemeshi ko wani ƙauye na gefen dajin Birnin Gwari, wanda ya ga shekarun da 'yan bindiga suka hana bin hanya da zuwa gona, ya san darajar mai zuwa da labari. A ƙarshen Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, don matakan tsaro, sanin ko hanya ta yi kyau ya koma hannun direba da fatake da duk wanda ya yi ƙarfin halin fita ya dawo. Akasarinsu gaskiya suke faɗa, Allah ya saka musu. Amma wanda ya zauna cikin wannan hali ya fi ɗan Landan na 1968 fahimtar irin ikon da ke hannun mutumin da shi kaɗai ke fita, da yadda jita-jita guda take iya tashin ƙauye ko ta zaunar da shi.

Namu fa?

Goge faifai don a sake amfani da shi al'ada ce da ta game gidajen talabijin na wancan zamani, ba BBC kaɗai ba. A gidajen da suka nuna Doctor Who, ko maƙwabtansu, aka yi wasannin da suka gina wasan kwaikwayon Hausa na talabijin: Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Kasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos. Masoyansu ba su gaza na Dokta yawa ko ƙauna ba. Har yau akwai masu kwaikwayon gurɓatacciyar Hausar barikin soja ta Samanja a majalisa, a yi ta dariya. Bambancin shi ne masoyan Ingila sun mai da ƙaunarsu aiki. Sun jera sunan kowane kashi da ranar da aka nuna shi, sun san wanda yake nan da wanda babu, shi ya sa da Morris ya ga rubutun jikin gwangwani ya san abin da ya tsinta. Wanda ba shi da jerin abin da ya mallaka, ko ya yi tuntuɓe da abinsa ba zai gane shi ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin Sashen Hausa ba. Ɗalibi ɗaya mai neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar wasa guda, ya bi tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian don tsara ranakun da aka nuna shi, ya nemi izinin duba ɗakunan ajiya na NTA Kaduna da Jos, ya leƙa Gidan Arewa da ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, ya kuma tambayi gidajen da suka mallaki na'urar bidiyo a shekarun 1980 ko akwai kaset a ƙarƙashin gado. Wani kuma ya ɗauki rikoda ya zauna da 'yan kallon kansu, ya ji abin da suka gani, da abin da ya ba su dariya ko tsoro, da sunan da suka laƙaba wa baƙin dodannin nan da Hausa. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023. Yaron da ya leƙa talabijin ta tagar maƙwabta a Kaduna yana ɗan shekara 10 a 1965 ya cika 70 a 2025.