MAGANIN RUWA NA YARA: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su san inda kuskure ke shiga cikin maganin ruwa da ake ba yara, su kuma san abin da za su yi in wani uba ya kawo kuka a kansa. Uban da ya yi tambaya a ɗakin magani bai yi rashin ladabi ba, domin shi ne na ƙarshe da kwalba za ta bi ta hannunsa kafin ta kai bakin yaro.

Dalilin da ya sa ake tsananta lura

Babba ana ba shi ƙwaya, ya haɗiye. Yaro kuwa ana auna masa magani ne gwargwadon nauyin jikinsa, saboda haka abin da ya dace da ɗan shekara biyar yana iya cutar da jinjiri. Ƙarfin magani ana lissafa shi da miligiram, yawan ruwansa kuwa da mililita. Rikita waɗannan biyu yakan jawo kurakurai.

Wurare huɗu da kuskure ke shiga

Na farko, ƙarfin magani. Farasitamol na ruwa yakan zo da miligiram 120 cikin mililita 5, akwai kuma mai 250 cikin mililita 5. Na ɗigawa jarirai yakan zo da miligiram 100 cikin mililita 1 tak. In mai ba da magani ya miƙa na ɗigawa, uwa kuma ta auna mililita 5 yadda ta saba, to, yaro ya sha miligiram 500, watau fiye da ninki huɗu. Yawansa yana lalata hanta, sau da yawa kuwa alamar ba ta bayyana a ranar farko.

Na biyu, ma'auni. Cokalin da likita ke nufi mililita 5 ne, amma cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Murfin awo da ke zuwa da kwalba, ko sirinji marar allura, su ne abin dogara.

Na uku, damawa. Amoksisilin da irinsa sukan zo gari a kwalba. Ana zuba ruwan da aka tafasa ya huce, daidai zanen da ke jikin kwalba. In ruwa ya yi yawa magani ya yi rauni, in ya gaza ya yi ƙarfi. A girgiza kafin kowane sha. Wanda aka dama ba ya wuce kwana 7 ko 14, gwargwadon abin da aka rubuta, sa'an nan a zubar da saura.

Na huɗu, maganin da ya gurɓace tun daga inda aka haɗa shi. A 1990 yara fiye da 100 sun rasu a Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da wata guba mai kashe ƙoda, sunanta dayitilin gilaikol. Bayan wannan aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gubar nan ta sake shiga maganin haƙori mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu, har da na Zariya. A 2022 an yi irin wannan rashi a Gambiya, inda yara kusan 70 suka rasu. Babbar alamarta ita ce ɗaukewar fitsari, tare da amai da kasala.

Abin da iyaye za su tambaya

Kafin uba ya bar ɗakin magani, ya nemi a karanta masa sunan yaro da sunan magani, a gwada shi da takardar likita. Ya tambayi mililita nawa, sau nawa a yini, kwana nawa, a kuma nuna masa zanen a jikin ma'auni. Ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. In launi ko ƙamshi ya saɓa da wanda ya sani, ya dakata har sai an yi masa bayani.

Abin da ke wuyan hakimai

Lalle ne hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni ya karanta musu wannan, su kuma su isar ga jama'a a masallatai da kasuwanni da wurin suna. In an kawo kuka, abu na farko shi ne a gaggauta kai yaro asibiti tare da kwalbar, ko da yana wasa, kada kuma a tilasta masa amai. Malamin hakimi ya rubuta sunan magani, da lambar haɗi da ke jikin kwalba, da kantin da aka saya, da ranar saye, ya aika wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma domin a sanar da NAFDAC. Hukunci ba na hakimi ba ne, kada kuma a bar jama'a su far wa mai kanti. Amma rahoton da ya isa da wuri yana iya sa a janye sauran kwalabe kafin su shiga wasu gidaje.