Aikatau da Darasin Zagayen Ruwa a Makarantun Adar

Gabatarwa

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, ruwa shi ne ginshiƙin zaman duniya. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma a 1984 aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda Italiya da hukumar FAO suka tallafa wa, inda aka riƙa tare ruwan sama da jerin duwatsu da madatsu. Yaron da ya tashi nan ya san yadda kori yake cika ya ƙafe. Amma idan aka zo darasin zagayen ruwa a makaranta, sai ya koma haddar kalmomin da ba su taɓa abin da ya sani ba. Wannan maƙala tana nuna cewa matsalar ta nahawu ce kafin ta zama ta ƙarancin kalmomi.

Suna a Faransanci, aikatau a Hausa

Faransanci yana bayyana matakan zagayen ruwa da sunaye: évaporation, condensation, précipitation, infiltration. Mai fassara yakan nemi wa kowanne takwaransa suna, alhali Hausa ta ɗora wannan nauyi a kan aikatau. Rabe-raben aikatau guda bakwai da Parsons ya fitar a 1960 sun isa su bayyana zagayen gaba ɗaya.

Rukuni na huɗu, mai ƙarewa da -e, yana nuna cikar aiki: tafki ya ƙafe, ƙasa ta shanye ruwa, rairayi ya tsotse shi. Rukuni na biyar yana nuna mai haddasawa: rana ta busar da laka. Rukuni na shida, mai ƙarewa da -o, yana nuna tahowar abu wajen mai magana: ruwa ya zubo, ya gangaro daga dutse, ya ɓuɓɓugo a rijiya. Rukuni na bakwai, mai -u, yana nuna abin da ya auku ga abu: gizagizai sun taru, hadari ya haɗu.

Ke nan bambancin sauka da sauko, ko zuba da zubo, shi ne kibiyar da ake zanawa a allo. Da ɗalibi ya riƙe jimlar, sai a ɗafa -wa a fitar da sunan da littafi yake bukata: ƙafewa, taruwa, zubowa. A nan darasin kimiyya da na nahawu sun zama ɗaya.

Kalmomi biyu masu tarko

Ta farko ita ce tururi. A bakin Bahaushe, tururi shi ne abin da ido yake gani a kan tukunya mai tafasa. Wanda yake tashi daga fadama da rana kuwa ba a ganinsa, kuma ba sai ruwa ya tafasa ba. Idan malami bai faɗaɗa ma'anar ba, yaro zai ɗauka rana tana tafasa tafki. Misalin wanki da yake bushewa a igiya ya fi na tukunya dacewa.

Ta biyu ita ce daskarewa, wadda akan yi saurin ba wa condensation. Abin da ya daskare ya yi tauri ne, kamar man shanu da sanyi ko ƙanƙara. Abin da ake nufi kuwa shi ne komawar tururi ruwa, kamar raɓa a kan ganye ko ɗigon da ke ƙarƙashin marufin tukunya. Gara a ce komawar tururi ruwa, ko da ta fi tsawo, da a zaɓi gajeriyar kalma mai ɓatarwa.

Karin harshe da karatu

Yaran wannan yanki Adaranci suke magana, karin da Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1991. Suna cewa hwari da tahiya, littafi ya rubuta fari da tafiya. Suna cewa sunka taru, littafi ya ce suka taru. Mai karatun da ya furta sunka a inda aka rubuta suka ya fahimci jimlar sarai; malamin da ya ƙirga masa kuskure bakinsa ya auna, ba karatunsa ba.

Haka kuma rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Fari na iya zama launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko farko, ko jam'in fara. A jimlar an yi fari bana, muhalli kaɗai ke warware ma'ana. Don haka koyar da kalmomi a jere, kowace ita kaɗai, ba ya gina mai karatu. Dole su zo cikin jimla.

Kammalawa

Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, sannan a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Wannan matsayi zai jawo rubuta littattafai da yawa, kuma kalmar da ta shiga littafin firamare da wuya ta fita. Aikin da ke gaban ɗaliban kimiyyar harshe shi ne tattara kalmomin ruwa daga bakin masu noman albasa na kwarin Tarka da manoman kwarin Majiya, tare da jimlolin da suke fitowa a ciki, sannan a gwada kowace a aji kafin ta kai ga maɗaba'a.