Tsanin Wasan Tanis: Tsakanin Yarinyar Boden da Yarinyar Briqueterie

1.0 Gabatarwa

Unguwar Briqueterie, wadda mutanen Yawunde kan taƙaita sunanta su ce "Brik", ita ce babbar matattarar Hausawa da sauran Musulmi a babban birnin ƙasar Kamaru. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Faransanci mai nufin wurin buga bulo, saboda masana'antar bulo da aka yi a wurin a zamanin Turawa. An san unguwar da babban masallacinta, da shagunan atamfa da shadda, da teloli, da masu tsire. A gefenta ne, a Warda, aka buɗe babban zauren wasanni na birnin a shekarar 2009. Ke nan yarinyar da ta tashi a wannan unguwa tana iya zuwa dandalin wasa a ƙafa. Amma kusanci da dandali daban, zama ƙwararriyar 'yar wasa kuma daban.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda mace ke zama ƙwararriyar 'yar wasan tanis, wato wadda wasan ya zame mata sana'ar da take ci da ita. Za a ɗauki rayuwar Johanna Larsson ta ƙasar Suwidin a matsayin misali, sannan a dawo Yawunde a kwatanta. Abin da ake son nunawa shi ne, sana'ar tanis tamkar tsani ce mai matakai, kuma abin da ya fi bambanta yarinyar Suwidin da ta Briqueterie ba baiwa ba ce, a'a, inda aka kafa ƙafar tsanin ne.

2.0 Yadda Wasan Yake

Ana yin tanis a fili mai tsawon mita 23.77. Faɗinsa mita 8.23 ne idan wasan ɗai-ɗai ake yi, wato mutum ɗaya a kowane ɓangare, ko mita 10.97 idan wasan bibbiyu ne. Akan ɗaura raga a tsakiyar filin, 'yan wasa kuma su riƙa buga ƙaramar ƙwallo da raket ta saman ragar. Filin kan kasance na ciyawa, ko na jar ƙasa, ko kuma daɓe mai tauri. Akan raba karawa zuwa turmi-turmi, kuma a wasan mata wadda ta fara cin turmi biyu ita ce ta yi nasara.

Manyan gasanni huɗu ne a duniya: ta Ostireliya, da ta Roland Garros a birnin Faris, da ta Wimbledon a Landan, da ta Amurka a New York. Kafin shekarar 1968 ba a yarda masu wasa don kuɗi su shiga waɗannan gasanni ba. A 1973 ne Billie Jean King da abokan wasanta suka kafa ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan tanis, WTA, kuma a wannan shekarar ce gasar Amurka ta fara biyan mata daidai da maza. Wimbledon ba ta yi haka ba sai a 2007.

3.0 Matakan Tsanin

Duk wata ƙwararriya tana da matsayi a jerin gwanaye na duniya. Ana fitar da wannan jeri ne ta hanyar tara makin da 'yar wasa ta samu a makonni 52 da suka gabata. Maki ba ya dawwama: da zarar ya cika shekara sai ya zube. Saboda haka wadda ta kwanta jinya ko ta rasa kuɗin tafiya takan tarar an bar ta a baya.

A ƙasan tsanin akwai ƙananan gasannin hukumar tanis ta duniya, ITF. A mafi ƙanƙantarsu, jimillar kuɗin da akan raba wa duk 'yan wasa dala 15,000 ce, makin wadda ta yi na ɗaya kuma bai kai 20 ba. A samansu akwai gasannin WTA, waɗanda tun 2021 ake kiransu da lambobi: 125, 250, 500 da 1000. A ƙololuwa akwai manyan gasanni huɗun nan, inda zakara ke samun maki 2,000.

Matsayi shi ne mabuɗin shiga. A kowace babbar gasa mata 128 ne ke fafatawa a wasan ɗai-ɗai. Guda 104 suna shiga kai tsaye saboda matsayinsu, 16 suna fitowa daga wasannin share fage, sauran 8 kuwa masu shirya gasa ne ke gayyatarsu, kuma galibi 'yan ƙasarsu suke bai wa gurbin. Wannan ya sa shiga cikin ɗari na farko ya zama iyaka mai muhimmanci, domin ko an fitar da 'yar wasa a zagayen farko na babbar gasa, abin da za ta karɓa ya ninka duk kuɗin ƙaramar gasa sau da yawa.

Wani abin lura shi ne 'yar tanis ba ta da albashi kamar ɗan ƙwallon ƙafa da ƙungiya ke ɗauka. Ita ke biyan kuɗin jirgi da masauki da abinci, da ladan mai horarwa, da gyaran igiyar raket. A ƙananan matakai, sau da yawa abin da ake kashewa ya fi abin da ake samu. Dole ne a sami mai ɗaukar nauyin 'yar wasa na shekaru kafin sana'ar ta fara ciyar da ita.

4.0 Rayuwar Johanna Larsson

An haifi Johanna Larsson a ranar 17 ga Agusta, 1988, a Boden, wani ƙaramin gari a can arewacin Suwidin, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama a shekara. A irin wannan wuri tanis ba ya yiwuwa a sarari sai a ɗan lokacin zafi. Abin da ya sa ake yinsa shi ne rufaffun zauruka da ƙungiyoyin gari-gari, inda yara ke koyo bayan tashi daga makaranta.

Ta tashi a ƙasar da tanis ya riga ya yi jijiya. Björn Borg ya ci manyan gasanni 11, ciki har da Wimbledon sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980. Mats Wilander ya ci 7, Stefan Edberg kuma 6. A ɓangaren mata, Catarina Lindqvist ta kai matsayi na 10 a duniya a 1985, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a Ostireliya a 1987 da Wimbledon a 1989. Saboda haka iyayen Suwidin ba su ɗauki tanis a matsayin baƙon abu ba.

Larsson ta zama ƙwararriya a 2006. Ta yi shekaru tana zagaya ƙananan gasanni kafin ta shiga cikin ɗari na farko a 2010, shekarar da ta fara kai wasan ƙarshe na WTA a Portorož ta ƙasar Silobeniya, inda ta sha kaye. A 2011 ta doke Li Na a Miami, ta kuma fitar da Ana Ivanovic, wadda ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, a zagayen farko na Roland Garros.

Wurin da ya fi tasiri a rayuwarta shi ne Båstad, garin bakin teku a kudancin Suwidin, inda aka riƙa yin gasar WTA daga 2009. Ta kai wasan ƙarshe a can a 2011, Polona Hercog ta doke ta. Ta sake kaiwa a 2013, Serena Williams ta doke ta. Sai a karo na uku, a 2015, ta doke Mona Barthel ta Jamus ta ɗauki kofi, kuma a wannan makon ta ci wasan bibbiyu tare da Kiki Bertens ta Holan. A lokacin tana da shekara 26, wato shekara tara bayan fara sana'ar. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

A 2016 ta kai matsayinta mafi girma a wasan ɗai-ɗai, na 45. A 2017 ita da Bertens suka kai wasan ƙarshe na gasar rufe shekara a Singafo, ta kuma kai matsayi na 20 a wasan bibbiyu. Ta ci kofinta na biyu a Nürnberg a 2018, sannan ta ajiye raket a farkon 2020 tana da shekara 31. Ba ta taɓa wuce zagaye na uku ba a wasan ɗai-ɗai na babbar gasa. Wannan ne ma ya sa ta dace da misali: ba ita ce gwanar zamaninta ba, amma ta yi shekara goma sha huɗu tana sana'ar, domin a kowane mataki ta tarar da inda za ta sa ƙafa.

5.0 Abin da Yawunde ta Gani

Yawunde ma tana da tarihinta a tanis. An haifi Yannick Noah a Sedan ta Faransa a 1960. Mahaifinsa, Zacharie Noah, ɗan Kamaru ne da ya yi ƙwallon ƙafa a Faransa, ya kuma koma gida da iyalinsa a 1963. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fata ɗan Amurka da ya ci gasar Amurka a 1968, ya zo Yawunde a wani rangadi na ƙasashen Afirka. Ya ga yaron mai shekara 11 yana wasa, ya ba shi raket, ya kuma sanar da hukumar tanis ta Faransa. A 1972 aka kai Noah birnin Nice don horo.

A ranar 5 ga Yuni, 1983, Noah ya ci Roland Garros bayan ya doke Mats Wilander na Suwidin. Daga baya ya jagoranci tawagar matan Faransa har ta ci kofin ƙasashe na mata karo na farko a 1997. Sai dai tutar Faransa ya ɗaga, ba ta Kamaru ba. Yawunde ta ba shi matakin farko, sauran matakan kuwa a wata ƙasa ya same su, kuma da Ashe bai biyo ta birnin ba, da wuya a ce ga yadda labarin zai kasance.

A ɓangaren mata akwai Françoise Abanda, wadda aka haifa a Montreal ta Kanada a 1997, iyayenta 'yan Kamaru. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe na matasa a Wimbledon a 2012, ta kuma kai matsayi na 111 a duniya a 2017. Ita ma a inda tsanin yake ta girma. Batun ko matan Yawunde suna da baiwar wasa kuwa, Françoise Mbango, haifaffiyar birnin, ta amsa shi: ta ci zinare a tsalle mai taki uku a wasannin Olamfik na Atina a 2004, ta maimaita a Beijing a 2008.

6.0 Ina Bambancin Yake?

Idan aka ajiye waɗannan misalai gefe da gefe, za a ga bambanci a wurare huɗu.

Na farko, fili da lokacin farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yawancin ƙwararru sukan fara kafin shekara goma. Ƙwallon ƙafa yana yiwuwa a kowane lungu, amma tanis yana buƙatar shimfiɗaɗɗen fili da raga da raket da ƙwallayen da ke saurin lalacewa. Briqueterie unguwa ce mai cunkoson gidaje, filayen tanis kuwa a biranen Afirka galibi suna cikin kulob-kulob da otal-otal, inda sai mai hali ke shiga.

Na biyu, gasa a kusa da gida. Mafi yawan gasannin da ke ba da maki a Turai da Amurka da Asiya ake yinsu. A Afirka, Tunisiya da Masar ne suka fi shirya su a kai a kai, kuma daga can ne aka sami Ons Jabeur, wadda ta kai matsayi na 2 a duniya a 2022 ta kuma kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, da Mayar Sherif, wadda ta ci kofin WTA a Parma a 2022. A Nijeriya, gasar Kofin Gwamna ta Legas da aka fara a 2000 ta ba mata damar samun maki na shekaru masu yawa, gasar Dala ta Kano kuma ta zama dandalin gwada 'yan wasan cikin gida. Amma gasa ɗaya ko biyu a shekara ba ta gina matsayi.

Na uku, tafiya. 'Yar Suwidin tana shiga jirgin ƙasa ta tafi gasa a Danmak ko Jamus ba tare da biza ba. 'Yar Kamaru sai ta nemi biza, ta sayi tikitin jirgin sama, kuma idan aka fitar da ita a ranar farko, kuɗin ya tafi ke nan.

Na huɗu, yardar gida. A unguwar Musulmi iyaye sukan yi tambaya kan sutura, da wanda zai raka yarinya, da makomar karatunta. Waɗannan tambayoyi ne masu tushe, kuma suna da amsa. Tun 2019 dokar WTA ta fito fili ta amince da dogon wando a filin wasa, mata Musulmi irin su Jabeur da Sania Mirza ta Indiya, wadda ta zama ta ɗaya a wasan bibbiyu a 2015, sun yi sana'ar da goyon bayan iyalansu. Mahaifiyar Jabeur ce ma ta fara kai ta fili tun tana ƙarama.

7.0 Kammalawa

An ga cewa sana'ar tanis ba dare ɗaya ake samunta ba. Larsson ta tashi daga garin dusar ƙanƙara ta kai cikin hamsin na farko a duniya, saboda ƙasarta ta tanadi zaure da ƙungiya da gasa. Noah ya tashi daga Yawunde ya kai ƙololuwa, amma sai da ya bar gida yana ɗan shekara 12. Abin da yarinyar Briqueterie ke buƙata ba wani abin al'ajabi ba ne: fili a kusa wanda kuɗin shigarsa bai fi ƙarfin iyayenta ba, da mai horarwa da suka amince da ita, da gasa mai maki a cikin ƙasa ko a maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aiki ne na hukumar wasanni da makarantu da attajiran unguwa da iyaye. Muddin ba a kafa waɗannan matakai na ƙasa ba, za a ci gaba da jin sunayen 'ya'yan Kamaru a manyan filaye, amma a ƙarƙashin tutar wasu.