Jar danja a motar haibrid: abin da za ka duba kafin a ce ka sayi sabon batir

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu mota da dama suka fara sha'awar haibrid, wato motar da ke haɗa injin fetur da batir. Kawuna na cikinsu. Ya sayi Toyota Prius ƙirar 2007 'yar Kwatano, yana zirga-zirga da ita tsakanin Dandin Mahe da Sakkwato. Wata rana a watan Afrilu, da tsakar rana, sun wuce Boɗinga kaɗan sai wata jar alama mai kusurwa uku ta kama a dashbod, motar ta rage ƙarfi. Wani makanike ya duba ya ce babban batir ne ya mutu. Kuɗin da aka ambata masa ya sa ya kira ni, duk da ni ba makanike ba ne, manhajar kwamfuta nake rubutawa.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, wannan jar alama ba ta faɗin abin da ya lalace. Tana nuna cewa kwamfutar motar ta ga matsala kuma ta rubuta ta. A ƙa'ida, fitila ja na nufin ka nemi wuri ka tsaya, mai ruwan ɗorawa kuma na nufin ka je a duba ba da jimawa ba. Ainihin bayanin yana cikin lambar da kwamfutar ta ajiye.

Ana karanta lambar ne ta wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD-II, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Za ka soka ƙaramar na'ura irin ELM327, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth. Sai dai a kula: wasu manhajojin inji kaɗai suke karantawa. Ga haibrid, nemi irin su Dr. Prius ko Hybrid Assistant, ko gareji mai Techstream, manhajar Toyota.

Da na jona wa motar kawu, lambar da ta fito ita ce P0A93. Lambar da ke cewa a canza batir kuwa P0A80 ce. P0A93 tana magana ne kan sanyaya inbata.

Wannan mota tana da hanyoyin sanyaya guda uku. Ta farko ta inji ce, mai lagireto irin wadda kowa ya sani. Ta biyu ta inbata ce, akwatin da ke juya wutar batir mai bolt 201.6 zuwa irin wadda injin lantarki ke buƙata. Tana da nata ruwan, da nata ƙaramin tankin, da famfon lantarki mai zagaya ruwan. Ta uku ita ce fankar da ke hura wa batir iska daga cikin mota, ta wata kafa a gefen kujerar baya.

Gwajin famfon inbata ba ya buƙatar kayan aiki. Idan motar ta huce, ka danna maɓallin Power sau biyu ba tare da taka birki ba, ka buɗe bonet ka leƙa tankin ruwan inbata. In famfon yana aiki za ka ga ruwan yana motsi. Na kawu tsit yake. Wannan ciwo sananne ne: a 2010 kamfanin Toyota ya kira Prius kusan 650,000 ƙirar 2004 zuwa 2007 domin canza wannan famfo. Muka sa sabo, aka fitar da iskar da ta shiga bututu, jar alamar ba ta sake kamawa ba. Batirin lafiyarsa ƙalau.

Zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a Afrilu, shi ya sa famfo mai rauni ke tona kansa da rana alhali da asuba ba za ka ga komai ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar batir. Don haka a riƙa wanke fankar, kada a jingina buhu ko darduma a bakin kafar iskar, kuma kunna AC yana taimakon batir, tunda iskar cikin mota yake shaƙa.

Akwai ɗabi'u uku da ya kamata a bari. Cire kan ƙaramin batir don fitila ta mutu yana goge lambar, kamar a yaga katin asibiti kafin likita ya gani. Ɗauki hotonta tukuna. Zuba ruwan rijiya ko fiya wata yana tara tsatsa da datti a bututu. Ruwan da Toyota ta tanada shi ne Super Long Life Coolant, mai ruwan hoda. Cire tamostat kuma yana jinkirta ɗumin inji, ga shi haibrid tana ci gaba da kunna injin har sai ya yi ɗumi, ka ga man da ka sayi motar don ragewa ya tafi.

Mai Prius ƙirar 2010 zuwa 2015 ya san cewa famfon ruwan injinsa ma na lantarki ne. Idan ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kuma motar na karkarwa da sanyin safiya, a duba gasket da wuri. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Wayoyi masu ruwan lemu kuwa na babbar wuta ne, suna iya kisa, a bar su ga wanda ya koyi aikin.

Kafin ka amince da sayen batir, ka tambayi makanikenka: "Oga, wace lamba ta fito?" In ya nuna maka ita a waya ko kwamfuta, sai ku yi maganar kuɗi.