Yawon Amarci a Italiya: Daga Benis Zuwa Rum

A ƙasar Italiya biki ba ya ƙarewa da watsewar taro. Idan an ɗaura aure a coci ko a ofishin magajin gari, an watsa wa ango da amarya shinkafa a bakin ƙofa, an ci an sha har dare ya raba, abin da ya rage shi ne su haɗa jakunkuna su bar gari. Kwana ɗaya ko biyu bayan biki sun kama hanya su biyu rak, babu ƙawar amarya, babu abokin ango, babu gwaggo mai rakiya. A wajenmu amarya ɗaki take shiga ta zauna, dangi su yi ta zuwa ganin ɗaki. Su kuwa kwanakin farko na aure a tsakiyar baƙi suke yin su, a garin da babu wanda ya san sunansu.

Al'adar ba ta kai tsufan da ake zato ba. Ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, a tsakanin masu hali na Ingila, waɗanda kan fita bayan biki su zaga dangin da ba su samu halarta ba, wani lokaci ma da 'yan rakiya. Da jirgin ƙasa ya zo, tafiya ta yi sauƙi, sai aka ajiye ziyarar dangi aka koma yawon buɗe ido. A 1846 aka gama gadar jirgin ƙasa da ta haɗa birnin Benis da tudu, angwayen Turai suka fara kwarara can. A shekarun 1930 gwamnatin Mussolini, wadda ke son jama'a su yi aure su hayayyafa, ta yi wa sababbin ma'aurata rangwame mai yawa a kuɗin jirgi idan Rum za su. Ta haka 'ya'yan manoma da leburori da dama suka fara ganin babban birnin ƙasarsu.

Yau ma'aikaci a Italiya yana da hutun aure na kwana 15 da albashinsa. Kuɗin tafiyar kuma sau da yawa daga aljihun mahalarta biki yake fitowa. A da amarya kan rubuta jerin kayan gida da take so a wani kanti, kowa ya je ya biya wanda zai iya. Yanzu da yawansu sun riga sun haɗa kayan gida kafin aure, sai su buɗe asusu a kamfanin shirya tafiye-tafiye, kawu ya biya kwanan otal, inna ta biya tikitin jirgi. Tukuicin mai gudummawa shi ne ɗan ƙunshi mai ɗauke da ƙwayoyin almon guda 5 da aka lulluɓe da sukari, kowace da fatan da take wakilta: lafiya, arziki, farin ciki, haihuwa da tsawon rai. Garin Sulmona ne ya yi suna wajen yin wannan alewa. Tsofaffi kuma har yanzu suna da camfin cewa ba a ɗaura aure, ba a kuma fara tafiya, ranar Talata ko Juma'a.

Abin dariyar shi ne, Italiyawan yanzu da yawa can nesa suke nufa, Amurka ko Japan ko tsibiran Maldibs, su bar wa angwayen duniya garuruwansu. Amma hanyar da kakanninsu suka bi tana nan: Benis, Fulorens, Rum.

Benis, birnin da babu mota

An gina Benis a kan ƙananan tsibirai 118, gadoji kusan 400 suka haɗa su. Babu mota, babu babur. Ko dai ƙafa, ko jirgin ruwa. Ango da amarya da suka sauka a tashar Santa Lucia, suna fitowa ruwa ne a gabansu.

Farillar farko ita ce shiga gondola, wani dogon kwale-kwale baƙi mai tsawon kusan mita 11. An karkatar da ƙirarsa gefe guda da gangan, domin matuƙin yana tsaye ne a baya yana tuƙi da filafili ɗaya tak, karkatar ce ke sa jirgin ya miƙe. Matuƙan, masu riga mai zane-zane da malafar kaba, ba su wuce ɗari huɗu da 'yan kai ba, sana'ar kuma galibi gado ce. Hukumar birni ce ke yanke farashi: tun ƙarshen 2023 yuro 90 ne na rabin awa da rana, 110 da dare. Masu son ƙawa sukan ɗauki mawaƙi da mai kiɗa su shiga tare da su.

Kusan kowane ango yakan roƙi matuƙi ya bi ta ƙarƙashin wata 'yar gada rufaffiya ta farin dutse da ke jikin fadar sarakunan Benis. Ana cewa masoyan da suka sumbaci juna a ƙarƙashinta da faɗuwar rana ba za su rabu ba. Gadar kuwa an gina ta wajen shekarar 1600 domin wucewa da fursunoni daga ɗakin shari'a zuwa kurkuku, kuma wani fim na 1979 ne ya yaɗa zancen sumbar. Matuƙan sun san haka sarai, amma ba sa ɓata wa kowa rai da tarihi.

Da yamma ake cika dandalin San Marco. A nan gidan shan kofi na Florian yake, wanda aka buɗe tun 1720, makaɗa suna kiɗa a ƙofarsa, wanda ya zauna a waje kuma za a ƙara masa kuɗin kiɗa a kan na kofi. Hotunan amarcin iyaye da kakanni cike suke da tattabaru a kan kafaɗar amarya, amma tun 2008 aka hana ciyar da su a dandalin. Mutanen gari kuwa lunguna suke shiga, zuwa ƙananan shaguna inda ake cin 'yan loma-loma a tsaye: busasshen kifi da aka kirɓa da man zaitun aka shafa a burodi, ko soyayyen sadin da aka jiƙa cikin albasa da ruwan tsami da zabibi. Da dare akwai shinkafa ko taliya baƙa ƙirin, wadda aka dafa da tawadar wani kifin teku, mai barin haƙoran amarya baƙi har a yi ta dariya.

Yadda ake zaman cin abinci

Wanda ya kalli hotuna kawai zai ɗauka gine-gine ne jigon tafiyar. A wajen Italiyawa teburi ne. Karin kumallo ba wani abin kirki ba ne: kofi da madara, da ɗan burodi mai zaƙi, a tsaye a gaban kanta, domin wanda ya zauna a kujera farashinsa ya ƙaru. Kofi mai madara na safe ne, mai neman sa bayan abincin rana ya nuna kansa baƙo. Kafin magariba sai kowa ya yi ado ya fito tattaki a babban titi, miji da mata hannu cikin hannu, ana kallon kantuna, ana gaisawa, ana lasar askirim.

Abincin dare ba ya farawa sai wajen ƙarfe 8 ko 9, kuma daki-daki yake zuwa. Da fari abin buɗe ciki, kamar zaitun da cuku da gasasshen ganye. Sai taliya ko shinkafa ko miya. Bayan an ɗauke wannan faranti a kawo nama ko kifi, da ganye a wani faranti dabam. Sai kayan zaƙi, a rufe da ɗan kofi baƙi mai ɗaci. Ba a haɗa taliya da nama a faranti ɗaya, ba a barbaɗa cuku a kan taliyar kifi, ba a kuma yanka doguwar taliya da wuƙa, naɗe ta ake yi da cokali mai yatsu. Zaman yakan ci awa biyu ko uku. Ma'aikacin gidan ba zai kawo takardar kuɗi ba sai an nema, domin kawo ta ba a tambaya ba tamkar kora ce. A cikin takardar akwai ɗan kuɗin zama da burodi da ake ɗora wa kowane mutum. Idan mai gidan ya ji cewa sababbin aure ne, ba abin mamaki ba ne ya aiko musu da kayan zaƙi kyauta, maƙwabtan teburi su ɗaga kofuna su yi musu fatan alheri.

Wannan dogon zama shi ne ainihin amarcin. Mutum biyu da suka shafe watanni cikin hayaniyar shirin biki sun samu wuri sun zauna fuska da fuska, babu mai kiransu, babu inda za su. A nan ake maganar gida, da haihuwa, da kuɗi, da gidan iyayen da za a je bikin Kirsimeti na farko.

Fulorens da Rum

Daga Benis zuwa Fulorens tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci a jirgin ƙasa mai gudu. Masu ƙarfin gwiwa sukan hau matakala 463 zuwa saman ƙubbar babban cocin garin, wadda magini Brunelleschi ya kammala a 1436. Daga nan sai tsohuwar gada ta kogin Arno. Mahauta ne a kanta a da, har sarkin garin ya tashe su a 1593 saboda wari, ya zaunar da maƙeran zinariya. Suna nan har yau, kuma ango da yawa ya bar sauran kuɗin gudummawa a wurinsu. Abincin da garin ke tinƙaho da shi katon yankan naman sa ne da ƙashinsa, mai kai kilo guda ko fiye, a gasa a kan garwashi a bar cikinsa ja. Na mutum biyu ne, kuma mai cewa a ƙara gasa masa sai ya ga fuskar kuku ta canja. Burodin yankin kuwa babu gishiri a cikinsa.

Awa ɗaya da rabi kuma sai Rum. A nan ma'aurata mabiya ɗarikar Katolika ke da wata al'ada tasu. Waɗanda aurensu bai wuce wata biyu ba sukan nemi tikiti, kyauta ne, su zo zaman da Fafaroma ke yi da jama'a ranar Laraba. Amarya ta sake sa farar rigarta, ango ya sa kwat ɗinsa, su riƙe takardar aurensu ta coci, a zaunar da su a wuri na musamman kusa da shi don ya sa musu albarka. Da sassafen Laraba akan ga amare da dogayen riguna cikin motar haya, wasu daga Foland, wasu daga Meziko ko Filifin.

Sauran jama'a, mai addini da marar addini, maɓulɓular Trevi suke nufa, wadda aka gama a 1762. Mutum ya juya mata baya, ya jefa tsabar kuɗi da hannun dama ta kan kafaɗar hagu. Ɗaya, wai zai sake dawowa Rum. Biyu, zai samu masoyi. Uku, zai yi aure. Wani fim na Amurka na 1954 ne ya kai wannan al'ada ko'ina. Kuɗin da ake kwashewa daga ruwan ya haura yuro miliyan ɗaya a shekara, ana kuma miƙa shi ga ƙungiyar agaji ta Caritas don ciyar da mabuƙata.

Rumawa sun fi alfahari da taliyarsu. Akwai ta cuku da masoro zalla, akwai carbonara da amatriciana. Baƙo Musulmi ya sani cewa waɗannan biyun na ƙarshe da naman alade ake yin su, yawancin yankakken naman buɗe ciki ma haka ne, wasu miya da kayan zaƙi kuma da giya a ciki. Tambaya kafin oda ba abin kunya ba ne a can, kifi da ganye kuma sun wadata.

Kwaɗo a kan gada

Mafi ƙuruciya a cikin waɗannan al'adu ita ce ta kwaɗo. Masoya su rubuta sunayensu a jikinsa, su datse shi a ƙarfen gada, su jefa makullin cikin kogi. Ta bazu ne bayan wani littafin soyayya na Federico Moccia da ya fito a 2006, wanda ya sa matasa suka yi wa gadar Milvio ta Rum caa, har nauyin kwaɗuna ya karya turken fitila a 2007. A Faris abin ya fi haka: a 2014 wani ɓangaren shingen gadar Pont des Arts ya rufta, a 2015 hukuma ta kwashe kwaɗuna masu nauyin tan 45 ta sa gilashi a wurin.

Biranen sun fara gajiya da masoyansu. Tun 2019 zama a kan shahararriyar matakalar dandalin Sifen da ke Rum laifi ne mai tara. Mazauna tsohon birnin Benis sun ragu zuwa ƙasa da 50,000, kuma a 2024 birnin ya fara karɓar yuro 5 daga masu shigowa yini guda a ranakun cunkoso.

Idan aka tace, yawancin abin da ake ɗauka tsohuwar al'ada ce a wannan yawo, daga sumbar ƙarƙashin gada zuwa kwaɗo, fim da littafi da 'yan kasuwa ne suka raine shi, kuma hukuma na iya kawar da shi gobe. Abin da ya daɗe, ya kuma cancanci a yaba, shi ne yadda dangi da wurin aiki da doka suka haɗu suka ba sababbin ma'aurata kwanaki nasu na kansu, su zauna su ci abinci a natse su san juna. Wannan ba sai an je Benis ake samunsa ba.