Idan Mai Gabatar da Shiri Ya Zama Mai Haja

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda ta'asar 'yan bindiga, kuma Sabon Birni da Isa suna ciki. Wayar hannu ta koma fitila da agogo. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka suka riƙa laluben sabis ɗin Nijar, sauran jama'a kuwa suka koma ga abin da iyayensu suka saba da shi, wato akwatin rediyo mai batir. Da shi ake sanin abin da gwamnati ta ce, da kasuwar da aka rufe, da garin da aka kai wa hari jiya. Wanda bai zauna a irin wannan wuri ba, zai yi wuya ya gane nauyin da muryar ɗan rediyo take da shi a kunnen Bagobiri.

Wannan shaƙuwa ba ta yau ba ce. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da ya raini al'umma guda da shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori. Rediyon Rima na jiha ya zo da harshen gida. Tun daga zamanin katin gaisuwa, mai sauraro ya ɗauki mai gabatar da shiri tamkar ɗan'uwa: ya san sunansa, ya san irin dariyarsa, wani ma har ya raɗa wa ɗansa sunansa alhali bai taɓa ganin fuskarsa ba. Da aka buɗe ƙofar gidajen rediyo masu zaman kansu bayan dokar 1992, aka samu irin su Freedom a Kano a 2003, daga baya tashoshin FM suka yawaita a Sakkwato, sai kiran waya kai tsaye ya ƙara kusanta mai magana da mai ji.

To, a cikin wannan kusanci ne wata ɗabi'a ta tsiro, wadda yanzu ake muhawara a kanta a majalisu da tashoshin mota. Ana tsakiyar shirin noma, ko na lafiya, ko na gaishe-gaishe, sai ka ji mai gabatarwa ya karkata: ga wani shago da ke da ingantaccen iri da taki, ga wani kamfanin Umara da ba ya saɓa alkawari, ga wasu filaye da ake yankawa a bayan gari, ga wani magani da ya jarraba da kansa. Ba a buga kiɗan talla ba, murya ba ta sauya ba, lambar waya kawai za a maimaita sau uku. Sai daga baya, wani da ya je birni ya dawo da labari cewa ai shagon nasa ne, ko na ƙaninsa, ko kuma yana da kaso a ciki.

Masu sauraro ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Akwai masu cewa babu laifi ko kaɗan. Hujjarsu ita ce neman halali ba abin kunya ba ne, kuma ɗan rediyo ba mala'ika ba ne, yana da iyali, yana biyan haya. Dattijo zai ce maka, "Yaro, wanga bawan Allah kullum shina yi muna hidima, in ya samu na cefane ta bakinai mi al laihi?" Wasu ma sun fi son saye a hannun wanda suka san muryarsa, domin a ganinsu mai suna ba zai yarda ya zubar da mutuncinsa a kan 'yan kuɗi kaɗan ba, kuma in an cuce ka ka san inda za ka same shi.

Ɓangare na biyu ba su musanta wahalar ɗan jarida ba, amma abin da ke ci musu rai shi ne lokaci. Mutum ya sayi batir da kuɗinsa, ya bar abin da yake yi don shirin rabin awa, sai a cinye kashi ɗaya cikin uku wajen yabon haja. Wanda ya sa kati ya kira don ya faɗi halin da hanyar Marnona zuwa Isa take ciki, a katse shi da cewa lokaci ya ƙure, amma lokaci bai taɓa ƙurewa ga lambar shago ba.

Na uku su ne suka fi birge ni, ko da yake ba su cika ɗaga murya ba. Su ba tallar ce ta dame su ba, ɓoyewar ce. A kasuwar dabbobi kowa ya san dillali yana da la'ada, don haka in ya yabi sa, mai saye yakan rage wani abu daga yabon a zuciyarsa kafin ya taya. Ciniki yana tafiya lafiya a haka shekara da shekaru. Rigima tana tashi ne ranar da aka gano cewa san na dillalin ne, ya tsaya a tsakiya yana nuna shi ba ruwansa. Haka abin yake a rediyo. In an ce "ga saƙo daga masu ɗaukar nauyi", mai sauraro ya san yadda zai auna maganar. In kuwa aka saƙa ta cikin nasiha, an ƙwace masa ma'aunin.

Don a yi adalci, sai an san yadda kuɗi ke shiga gidan rediyo. Tasha mai zaman kanta ba ta da abin sayarwa sai lokaci, ga man janareta, ga kuɗin lasisi, ga albashi. Tashoshin gwamnati ma an daɗe da ce musu su nemi na kansu. Saboda haka da yawa daga muryoyin da muke ji ba ma'aikatan tashar ba ne: mutum ne ya sayi fili na minti 30 ko awa guda, ya zo da shirinsa, shi zai nemo masu talla ya biya tashar, abin da ya rage nasa ne. In bai samu mai talla ba, sai ya tallata kansa. A Kano wannan sayen fili ne ya haifar da sojojin baka, waɗanda ke yabo da zagi a madadin 'yan siyasa. Wanda ke ƙauye, da rediyo rataye a reshen bishiya yana noma, ba shi da hanyar bambance ma'aikacin da ke karanta labarai da ɗan kasuwar da ya sayi fili. Duk "rediyo ta ce" ne a wurinsa. Su kuma ma'aikatan na ainihi, albashin da yawa daga cikinsu ba ya kai wata, shi ya sa za ka ga mai gabatar da shiri da safe, shi ne mai jan ragamar taron biki da yamma, shi ne kuma mai shagon sola.

Doka ba ta yi shiru ba. Kundin ƙa'idojin Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ya ce dole talla ta fita daban daga shiri yadda mai sauraro zai gane ta, kuma ya hana wanda ya saba karanta labarai fitowa a cikin talla, kai tsaye ko a fakaice. Dalilin a fili yake: yardar da jama'a suka ba wannan murya don labarai suka ba ta, ba don sayar da sabulu ba. Akwai kuma hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, da ke tantance tallace-tallace kafin su fita. Amma ofishin hukuma yana birni, kuma magana da aka jefa cikin raha a shirin kai tsaye ba ta bi ta teburin kowa ba.

Inda abin ya fi haɗari shi ne magani. A yankin da rashin tsaro ya kori ma'aikatan lafiya daga ƙauyuka da yawa, inda tafiya asibitin Sakkwato ke nufin kuɗin mota da fargabar hanya, muryar da ta ce tana da maganin ciwon suga ko hawan jini ko basur ba nishaɗi take yi ba. Mutum zai ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa ya aika a sayo masa gora. Yana da kyau a sani cewa lambar da NAFDAC ke ba yawancin magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an gwada ba a ga guba ba, ba shaida ce cewa maganin yana warkar da abin da aka lissafa ba. Masu talla kan karanta lambar da ƙarfi, su tsallake wannan bayani. Wani lokaci kuma sai ka ji masu kira suna ta shigowa, kowa na rantsuwa ya sha ya warke. In dai shiri ne aka yi da su, malamai sun daɗe da sanin hukuncinsa, domin ɗan'uwan najashu ne, wato a sa wanda ba saye zai yi ba ya taya kaya don ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma shari'a ta hana.

Wannan ba cutar ƙasar Hausa ba ce kaɗai. A Amurka an yi wani mai suna John Brinkley, wanda ya buɗe gidan rediyon KFKB a jihar Kansas a 1923. Sana'arsa ita ce dasa wa maza wani sashe na marainan bunsuru da sunan dawo musu da ƙarfi. Yana da shiri da masu sauraro ke aiko da wasiƙa su faɗi ciwonsu, shi kuma ya faɗi lambar maganin da za su saya a shagunan da yake da kaso a cikinsu. Manoma sun ƙaunace shi ƙwarai, don yana magana da harshensu, yana sa musu kiɗan da suke so. A 1930 aka ƙwace lasisinsa na likitanci, hukumar rediyo kuma ta ƙi sabunta na tashar. Me ya yi? Ya tsallaka iyaka zuwa Meziko, ya kafa tasha mai ƙarfin gaske a garin Villa Acuña a 1931, ya ci gaba da aiko da muryarsa cikin Amurka. Sai da ƙararrakin waɗanda ya nakasa suka taru a kansa ya talauce, ya mutu a 1942.

Zancen tsallaka iyaka ba baƙo ba ne ga Gobir. Maraɗi da ke Nijar ta fi kusa da Sabon Birni fiye da birnin Sakkwato, Tsibiri kuwa gida ne tun bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, ga dubban mutanenmu da gudun hijira ya kai yankin Gidan Rumji tun 2019. Iska ba ta san shingen kwastan ba: abin da aka faɗa a tashar can yana shigowa ƙauyukan nan, na nan ma yana zuwa can, kuma hukumar kowace ƙasa ikonta ya tsaya a kan iyakarta. Wanda aka yaudara da tallar da ta fito daga ɗaya ɓangaren, wa zai kai wa ƙara?

Ni ra'ayina bai kai ga a hana ɗan rediyo sana'a ba. Wannan ba zai yiwu ba, kuma ba adalci ba ne matuƙar ba a gyara albashinsa ba. Abin da nake gani wajibi ne shi ne ya faɗa da bakinsa cewa hajar tasa ce, ya biya tashar kuɗin talla kamar kowa, a sa ta a gurbinta, kuma in shi ne mai karanta labarai ko mai shirin lafiya, wani daban ya karanta. Akwai abin da ya fi ɓata lokacin mai sauraro muni, wato bakin da ciniki ke rufewa. Mai gabatarwar da ke sayar da taki, ranar da manoma suka kira suna kukan jabun taki a kasuwa, da wane baki zai bi zancen har ƙarshe? Wanda ke da kamfanin tafiye-tafiye, zai bar wanda aka cinye wa kuɗin Umara ya gama bayaninsa? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shi mai sauraro ba zai taɓa jin tambayar da ba a yi ba, balle ya san an tauye shi.

Masu sauraro suna da ƙarfin da ba su cika amfani da shi ba. Ƙungiyoyinsu, waɗanda suka iya haɗa gangami don karrama mai gabatarwa da kai masa ziyara, za su iya rubuta wa shugaban tasha takarda guda su nemi a riƙa bayyana wanda ya biya kuɗin kowane shiri. NBC tana da ofishin shiyya a Sakkwato da ke karɓar koke. Ko a cikin shirin ma, mai kira yana da damar ya tambaya cikin ladabi, "Malam, wanga shago da kaka faɗi, kana da hannu ciki?" Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Sai dai ko an gyara na cikin tasha, akwai sauran aiki. Yau mai gabatarwa yakan gama shiri ya buɗe shafinsa na Facebook ko TikTok, ko ya aika saƙon murya da zai zagaya rukunonin WhatsApp daga Gatawa har Madarunfa. Muryar ita ce dai wadda aka sani, sallamar ita ce, wani lokaci har da tambarin tashar a bayansa. A can babu shugaban sashe da zai duba rubutun, babu agogon da zai ce lokaci ya yi, kuma tsohuwar da jikanta ya kunna mata saƙon za ta ce a rediyo ta ji.